Ɗan Kofin da Ban Sha Ba a Tsibirin Karita

Tun da na dawo daga ƙasar Girka tambaya biyu ke bi na duk inda na zauna, ko a ƙofar masallaci bayan La'asar, ko a bencin mai shayi. Ta fari ita ce, "Malam, me ka ci a can?" Ta biyu kuwa ba a yin ta sai an rage murya an ɗan murmusa: "To, ka ɗanɗana?" Na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili a wannan wata in amsa wa kowa gaba ɗaya. Wanda ya ga labarin ya yi tsawo ya yi haƙuri, tafiyar ma ba gajeriya ba ce.

Ɗan ƙanwata ne ya kai ni. Yaron nan ya bar Kumasi a 2011 yana ɗan shekara 25, bayan aikin kanikanci da ya koya ya ƙi ciyar da shi. Ya bi ta Turkiyya, ya sha wuyar da ba ya son a tuna masa, daga bisani Allah Ya sa ya sami takardu, ya zauna a wani tsibiri da Girkawa ke kira Kiriti, mu kuma mu ce Karita. Kuɗin da yake aikowa da shi aka sauya rufin gidan uwarsa, da shi aka aurar da ƙannensa mata biyu, da shi aka yi mini aikin ido. Duk lokacin da uwarsa ta tambaye shi aikin da yake yi, amsa ɗaya ce: "Gonar zaitun, Mma." To a watan Satumba na 2022 sai ya aiko mini da tikiti, ya ce in zo in huta mako biyu, wai maigidansa na so ya ga wani babba daga danginsa. Ban kawo kome a raina ba. Na sayi goro fari mai kyau, na naɗe shi a ganye, domin ɗan mai fataucin goro ba ya zuwa gidan mutum hannu rabbana.

Daga Akra na sauka Istanbul, daga nan Atina. A can yaron ya tarye ni, muka shiga jirgin ruwa a tashar Fireyas da dare, gari na wayewa muna Irakiliyo, babban birnin tsibirin. Karita ita ce mafi girma cikin tsibiran Girka. Tsawonta daga gabas zuwa yamma ya kai kilomita 260, watau kamar a ce daga Kumasi zuwa Akra, sai dai siririya ce, kuma duwatsu ne a gadon bayanta. Larabawan Andalus sun taɓa riƙe ta daga wajen 820 da 'yan kai har 961, su ne ma suka haƙa wa birnin ramin ganuwa suka kira shi Handaƙ. Bayansu Rumawa suka karɓe, sai mutanen Banis, sai Turkawa, kafin tsibirin ya haɗe da Girka a 1913. Kowannensu ya bar wani abu a tukunya.

Cin abincina na fari asara ce, kuma laifina ne. A bakin teku akwai gidajen abinci a jere, kowanne da hotunan abinci a ƙofa da wani saurayi mai fara'a yana kiran masu wucewa kamar kamasho a tashar mota. Yaron ya ce, "Kawu, mu ƙara gaba." Ni kuwa na ga hoton wani kifi ja, na ga teku, na ce ai babba ba ya zuwa bakin ruwa ya wuce kifi. Muka zauna. Na ga lamba a gefen sunan kifin, na ɗauka kuɗin faranti ne, ashe kuɗin kilo ne, kifin kuwa ya haura kilo. Da aka kawo lissafi na ga Yuro 85, na juya shi zuwa sidi a zuciyata, sai da na cire hula na fifita kai. Ba su cuce mu ba, haka ake sayar da babban kifi a can, a kan sikeli. Wanda ya sani sai ya ce a auna a gabansa kafin a ɗora a wuta. Yaron ya biya bai ce uffan ba, abin da ya fi kuɗin ciwo ke nan.

Muna shirin tashi sai aka kawo faranti na kankana da 'yar kwalba da wasu ƙananan kofuna biyu, kowanne bai fi finjalin shayi ba. Abin da ke cikin kwalbar fari ne tas kamar ruwan rijiya. Ga gishirin kifi a maƙogwarona. Na zuba, na yi bisimilla, kofi ya kusa leɓe, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

"Kawu, ba ruwa ba ne."

Wannan shi ne raki, kuma duk wanda zai je Karita ya riƙe sunan. Bayan an matse inabi, sauran ɓawo da ƙwaya ba a zubar da su. Sai a tara a ganga su yi makonni suna ruɓa, sa'an nan a watan Oktoba da Nuwamba a dafa su cikin babbar tukunyar tagulla da suke kira kazani, tururin ya bi ta bututu ya huce ya ɗiga. Wanda ya taɓa wucewa ta inda ake dafa akfetashi a ƙauyukan kudu ya san aikin. Ba ka saye shi ba, ba ka nema ba, kyauta ce ta mai gida bayan an ci abinci. Suna kiran irin wannan kyauta kerasima, kuma kusan ba gidan abincin da ba ya yin ta. Wurinsu matsayinsa ɗaya da goro a wurinmu: shi ake miƙa wa baƙo, shi ake sha a ƙulla ciniki, shi ake zubawa a ɗaurin aure da zaman makoki. A gidan abinci ba matsala, ka ci kankanarka, ka dafa ƙirji ka ce efaristo, watau na gode, ka bar kwalbar yadda ta zo. Ba mai tambayarka dalili. A gidan mutum ne maganar take, zan kuwa zo kanta.

Daga ranar nan na sallama wa yaron linzami, shi ya nuna mini inda 'yan gari ke ci. Ka juya wa teku baya, ka shiga lungu biyu ko uku, ka nemi wurin da ba hoto a ƙofa, ba mai kira, tsofaffi da leburori ne a kujeru. Irin wannan gida sunansa mayiriyo. Da safe ake girki, a jera tukwane da tire a bayan gilashi, ka je ka leƙa ka nuna da yatsa, daidai yadda muke yi wajen mai tuwo. Wannan ya fi kome yi mini daɗi, domin mai gudun haram idonsa ya fi takardar da ba ya iya karantawa amfani. Sai dai ka san lokaci. Ba sa cin abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare kuwa sai 9 ta gota. Wanda ya je ƙarfe 7 na yamma da baƙi 'yan'uwansa zai zauna.

A tukunya ta fari da aka buɗe mini me zan gani? Kuɓewa. Suna ce mata bamiyes, suna dafa ta ɗungum da tumatir da albasa da man zaitun. Abin dariya, sai sun jiƙa ta da ruwan tsami tukuna don su kashe yauƙin, abin da mu muke sayen kuɓewa dominsa. Duk da haka na cinye, na share farantin da burodi. A tukunya ta biyu wake ne, wakenmu na wakye da ƙosai, mai baƙin ido, an dafa shi da ganye. Akwai yemista, tumatir da tattasai da aka ƙwaƙule aka cusa musu shinkafa aka gasa. Akwai horta, ganyayen daji da ake tafasawa a zuba mai da lemun tsami, kamar kwaɗon zogale da aka manta ƙuli-ƙuli. Amma wanda na fi komawa kansa shi ne dakos. Busasshen burodin sha'ir ne mai taurin da zai iya fasa haƙori, sai a yayyafa masa ruwa, a gurza nunannen tumatir a kai, a kwarara man zaitun ba tsoro, a barbaɗa wani farin cuku mai laushi da suke kira mizitira, ɗan'uwan wagashinmu amma ya fi shi tsami. Abincin makiyayi ne da manomi, ga arha ga riƙe ciki. Kifi kuwa, na koma ga ƙanana irin amane, waɗanda ake soyawa a sayar da faranti, ba a kan sikeli ba. Da safe mukan je dandalin da ke da maɓuɓɓugar ruwa mai zakuna na dutse, wadda mutanen Banis suka gina a 1628, mu ci bugatsa, wata waina mai falle-falle da aka cusa wa cuku ko kunun madara.

Dodon koɗi ma suna ci, kamar maƙwabtanmu Asantawa, sai dai nasu ƙanana ne kamar goron biri. Wannan na bar musu.

Yanzu ga inda ake zamewa. Naman da ake yanka daga sanda mai juyawa a bakin titi, wanda ya yi kama da shawarma, sunansa giros, kuma mafi yawansa alade ne. Akwai apaki, naman alade mai hayaƙi, wanda sukan yayyanka cikin ƙwai ko cikin ganye ba tare da an faɗa maka ba. Duk abincin da sunansa ya ƙare da krasato an dafa shi da giya, domin krasi ita ce giyar inabi da harshensu. Miyar nama da albasa da suke kira stifado ma yawanci ana zuba mata. Maganar yankan Ahlul Kitabi na bar wa malamai, ni dai kifi da ganye na riƙe har na dawo. Kalmomi uku yaron ya rubuta mini a bayan tikiti: hirino, alade, horis, ban da, da kuma nistisimo. Ta ukun nan ta fi sauran aiki. Kiristocin Girka na da azuminsu, kafin Ista da kafin Kirsimeti da rabin farko na Agusta, masu riƙo ma har Laraba da Jumma'a, inda suke barin nama da madara da ƙwai. Abincin azumin shi ne nistisimo. Ka faɗi kalmar, mai tukunya za ta gane, har ta dube ka da mutunci. Sai ka ƙara da horis krasi don ka rufe ƙofa.

Na san ba Musulmi kaɗai ke karanta wannan shafi ba, kuma na yi alkawarin faɗar abin da na gani. Giyar inabi a can ba kayan masu kuɗi ba ce. A mayiriyo da gidajen abinci na ƙauye daga ganga ake ɗibar ta, kuma da kilo ake saye, ba da kwalba ba: mutum ya ce a ba shi rabin kilo, a kawo a 'yar moɗar ƙarfe. Da abinci suke sha, a hankali, ana hira. Cikin mako biyu ban ga ɗan gari ko ɗaya yana tangaɗi a titi ba, waɗanda na gani baƙi ne daga ƙasashen sanyi. Inabin tsibirin na da sunaye kamar yadda goro ke da su: cikin farare akwai bilana da bidiyano, cikin jajaye akwai kotsifali da mandilari da liyatiko. Yankunan da suka yi suna su ne Peza da Arkanes da Dafnes a kudu da Irakiliyo, sai Sitiya can gabas. Masu sha sun ce a ƙauyukan nan ake zuwa, ba a bakin teku ba. Ɗanɗano kuwa sai su ba da labari.

Rana ta biyar muka hau bas zuwa Arkanes, kilomita 15 ko kusa da haka, a gindin wani dutse da ake kira Yuktas. Tun a hanya na fara zargi. Zaitun akwai shi, ba ƙarya. Amma ko'ina ka duba kwari da tudu layukan kurangar inabi ne, ga motocin a-kori-kura cike da akwatuna, ga warin tsami a iska wanda ko ba a gaya maka ba ka san na mene ne. Muna sauka mutane suka yi ta gaishe da yaron, wani ya ja shi gefe suna nuna tudu suna lissafi da yatsu. Na dubi hannunsa da kyau, karo na fari tun da na zo. Farcensa da layukan tafinsa baƙi ne mai ja-ja, irin wanda sabulu ba ya fitarwa.

"Wannan zaitun ne ya rina maka hannu?"

Ya sunkuyar da kai. "Kawu, zaitun daga Nuwamba ne zuwa Janairu. Sauran shekara mutum me zai ci?"

"Inabin ina yake zuwa?"

"Wani a shanya ya zama zabibi. Wani a kai kasuwa." Ya yi shiru. "Wani a kai matsa."

Ban ce kome ba, don ban san abin da zan ce ba. Idon da nake harararsa da shi, kuɗin inabin nan ne ya buɗe shi. Da yamma ya kai ni wani kango a kudu da garin, wurin da ake kira Batipetro, inda masu tonon tarihi suka gano wurin matsar inabi da ya kai shekara 3,500. Kasko ne na yumɓu mai baki, da tulu a ƙarƙashinsa. Ina jin so yake ya nuna mini cewa ba shi ya fara ba. Na gane, amma tsufan abu ba ya halatta shi, shi ma ya sani.

Daren nan muka je gidan maigidan. Yaron na kiransa Barba, watau Kawu da harshensu, haka ake kiran dattijo don girmamawa, matarsa kuma Kiriya. Tsoho ne mai shekara 80 ko kusa, ga gashin baki kamar ƙahon rago, ga baƙar riga. Ya rungume ni kamar mun yi yarinta tare. An shimfiɗa tebur a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, nonnan na reto a kanmu. Kiriya ta riga ta san halin yaron, ba alade a teburin ko kaɗan: kifi, yemista, wake, da wasu 'yan fanke masu cuku da ganye. Muna ci yaron na fassara. Barba ya ba ni labarin kakarsa, wadda ta zo daga wajen Izmir lokacin da Girka da Turkiyya suka yi musayar mutane a 1923, Musulmin Karita suka tafi, Kiristocin can suka zo. Ya ce mutanensu ne suka yaɗa noman sultanina, inabin da ba shi da ƙwaya wanda ake shanyawa. Ya ba ni labarin wani ƙwaro mai cin saiwa da ya shigo tsibirin a ƙarshen shekarun 1970, har sai da suka tumɓuke gonaki suka sake dashe. Ya ce ɗansa ɗaya tilo yana Jamus, ba ya son ƙasa a farcensa.

Sa'an nan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata 'yar buta. Kowa ya yi tsit. Yaron ya raɗa mini cewa daga gangar da ya cika shekarar da aka haifi ɗansa ya ɗebo, ba ya taɓa ta sai da babban dalili. Ya zuba kofi biyu, ya tura ɗaya gabana, ya yi magana mai tsawo yana dubana. Yaron ya daɗe kafin ya fassara, kuma da ya fara, ƙasa yake kallo. Barba ya ce ƙafafunsa sun gaji. Ya ce shekara 9 yaron nan na tare da shi, bai taɓa ɓatar masa da ko akwati ɗaya ba. Yana so ya danƙa masa gonar duka ya riƙa nomawa suna raba amfani, amma a al'adarsu ba a yin irin wannan magana da yaro shi kaɗai, sai da babbansa. Ashe dalilin tikitina ke nan.

Na san akwai malaman da za su ce zaman ma bai kamata ba. Na zauna, kuma ga kofi a gabana. Abin da ya faɗo mini a rai mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Ina yaro nakan bi shi ƙauyukan Asante sayen goro, mu sauka gidan mai gari, a kawo ruwa, sa'an nan a kawo bammi ko kwalbar shinaf. Ban taɓa ganin ya ɓata fuska ba, ban kuwa taɓa ganin ya taɓa kwalbar ba. Sai ya shanye ruwan ƙwaryar tas, ya nemi ƙari, ya yabi rijiyar garin, sa'an nan ya ce abin kwalba addininsa ya hana shi. Shekara 30 yana ciniki da su ba wanda ya ji an raina shi. Mu da muka tashi a zango, tsakiyar mutanen da al'adarsu ba tamu ba, wannan karatu tun a gida muka yi shi.

Na miƙe tsaye. Na ce wa yaron ya fassara kalma da kalma, kada ya gyara. Na ce na ci abincin gidan nan na ƙoshi, kuma abin da ya yi wa ɗanmu, danginmu ba su da bakin gode masa. Na ce na san darajar abin da ya zuba mini, na san ba kowa ake ɗebo wa ba, amma ni da shi akwai katangar da ba ni na gina ba. Na ɗauki kofin ruwa na shanye. Sa'an nan na ciro ƙunshin ganyen nan daga aljihu, na kwance, na zaɓi goro mafi girma na ɓare shi biyu, na miƙa masa rabi. Na ce a wurinmu da wannan ake neman aure, da shi ake raɗa suna, da shi ake ƙulla magana.

Ya juya shi, ya sansana, ya jefa duka a baki ya tauna da ƙarfi irin na mai son nuna jarumta. Jama'a, da kun ga fuskar tsohon nan! Gashin bakinsa ya tashi, idonsa ya kawo ruwa, ya dubi matarsa kamar mai neman ceto. Bai tofar ba, sai da ya haɗiye. Kiriya ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ya sami numfashi ya ce wa yaron ya tambaye ni, mu da ke tauna wannan da ranmu, me muke tsoro a cikin kofi? Na ce ya sha ruwa yanzu ya ji. Ya sha, ya ɗaga gira, domin kowa ya san yadda ruwa ke zaƙi bayan goro. Ya jawo kofina gabansa ba tare da wata magana ba.

Kiriya ta shiga ciki ta fito da kwano biyu. Ɗaya wani abu ne kamar kamu da ya daskare, ruwan ƙasa, an barbaɗa masa riɗi da kirfa. Ɗayan kuwa baƙi ne mai kauri kamar zuma. Ta ce duka inabi ne. Na ja baya kaɗan, ta gane, ta yi bayani da hannu da baki. Ranar da aka matse inabi, kafin ya kwana ya fara tsami, sai a tafasa ruwan da 'yar toka a ƙulle cikin tsumma, a bar shi ya kwanta, a tace. In an dama shi da gari ya zama mustalebriya, shi ne na kwanon fari. In an ci gaba da dafa shi har mafi yawansa ya ƙone, ya zama petimezi, wanda ke shekara bai lalace ba, kuma shi ne sukarin talakawansu a da. Nan take na tuna karatun zaure. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Sayyidina Umar a ƙasar Sham, inda ya yarda wa mutane su sha ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya tafi. Shekara 40 da karanta wannan babi, ban taɓa ganin abin da ake nufi ba sai a tsakar gidan wata tsohuwa Bagirkiya. Na tsoma burodi na ci. Zaƙinsa na da ɗan ɗaci a ƙarshe, kamar maɗi.

Saura maganar gona. Na tambayi yadda take. Kashi uku ce: zaitun a gangare, sultanina a kwari, kotsifali a tudu. Na ce me zai hana yaron ya karɓi biyun fari, a ba wani na tudun? Barba ya girgiza kai. Ya ce zabibi ba ya kawo kuɗi kamar zamanin ubansa, na tudun ne ke biyan ma'aikata. Ya ƙara da abin da ban so ji ba, cewa ko sultaninar ma, wadda kasuwa ta ƙi, kazani take tafiya. Mutum ne mai gaskiya, da ya so da ya ɓoye mini. Na dubi yaron, mai shekara 36, da furfura biyu-uku a gemu. Na ce ni kawu ne, uwarsa na da rai, zan kai mata magana yadda na ji ta, kuma a ba mu lokaci har a gama tsinkar zaitun. Barba ya ce wannan daidai ne. Ya nemi sauran rabin goron, wai zai kai wa abokansa a gidan shan kofi ya ga wanda zai iya.

Da zan taho Kiriya ta cika mini gora da petimezi, ta naɗe ta cikin tsofaffin jaridu. Kwana biyu da sauka na tafi gidan ƙanwata da sassafe, na same ta tana dama koko. Na zuba mata cokali biyu a ciki. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta ce wannan zumar wace irin ƙudan zuma ce? Na ce ba zuma ba ce, inabi ne, daga gonar da ɗanta ke aiki.

Ta ajiye ludayin. "Yaya, ba zaitun ya ce ba?"

Na ce ta ƙara mini kokon tukuna, sa'an nan ta aiki yaran nan waje, akwai magana.